Sa hannun mawaƙi: in ya zo daidai sak da na intanet, a nan matsalar take

[Hoto: rumfar mai shayi da hantsi, waya a kan benci]

Assalamu alaikum jama'a. Bidiyon nan da kuke ta turo min tun shekaranjiya na kalle shi, wallahi ya fi sau goma. Saurayin nan da ya ɗaga hoton wani mawaƙi da sa hannu a jiki, ya buɗe wayarsa ya nemo sa hannun mawaƙin a Google ya jera su gefe da gefe, ya ce ku duba da idonku iri ɗaya ne sak ko ɗigo bai bambanta ba, don haka na gaske ne, mai so ya yi magana. Mutane kuma kowa na cewa ai shike nan magana ta ƙare. Har ɗan kawuna da yake kai awaki kasuwar Wudil duk Juma'a ya kira ni wai yana so ya saya ya ajiye, ya ji an ce irin waɗannan kayan suna kuɗi a Turai. Na ce masa yaya don Allah kar ka tura ko sisi, ka ba ni kwana biyu in nuna maka wani abu.

To ga abin.

[Hoto: dattijo a kan tabarma, takarda da biro]

Wannan malaminmu ne, shi ya koya mana lissafi a firamare, ya fi shekara talatin yana sa hannu a katin sakamakon yara, in akwai wanda hannunsa ya zauna a garin nan to shi ne. Malam, a taimaka mana a sa hannu sau goma a takardar nan. Allah ya ƙara girma Malam.

Ku bar shi ya gama, ku kalli hannun kawai.

Yanzu mun yanka su ɗaya bayan ɗaya, zan ɗora na farko a kan na biyu a jikin gilashin taga inda rana take shigowa. Matso da kyamarar ƙanena. Kun gani? Harafin farko ya hau, amma wutsiyar ta zarce. Na uku a kan na bakwai, wannan ya fi faɗi. Na huɗu a kan na tara, wannan ya ɗan kwanta. Mutum ɗaya, biro ɗaya, zama ɗaya, ko minti biyu ba a yi ba, amma babu guda biyu da suka hau kan juna daidai. Ku ma ku ɗauki biro ku gwada yanzu, ba za ku iya ba, babu ɗan adam ɗin da zai iya, saboda hannu ba hatimi ba ne, duk sanda ka rubuta sunanka yadda ka riƙe biron da inda gwiwar hannunka ta jingina da saurin da kake yi duk sai sun ɗan canza. Balle mawaƙi da ya sauko daga wasa da daddare jama'a sun yanyame shi, yana sa hannu a tsaye a kan bonet ɗin mota ko a bayan wani yaro da ya duƙa masa.

Shi ya sa abin da saurayin nan ya kawo a matsayin hujja, shi ne ya fi komai tayar min da hankali. In sa hannu biyu suka hau kan juna sak, to aƙalla ɗaya daga cikinsu ba hannun mutum ne ya yi shi kai tsaye ba. Ko an bi sawu, ko an buga da firinta, ko inji ne.

Bari in bi sawun na Malam ku gani, da izininsa. Na ɗora farar takarda a kai, rana na haskowa ta baya, ina bi a hankali. Daga nesa ya yi kama, ko? To ƙanena zumo sosai. Ku dubi layin nawa, yana rawa, kamar sawun tafiyar hawainiya, saboda idona na kan layin da nake bi ba a kan rubutu ba. Ku dubi nan inda na tsaya in duba ina zan nufa, tawada ta taru ta yi ɗan gudaji. Nan kuma na ɗaga biron a tsakiyar harafi na sake ɗorawa, wurin da Malam bai taɓa ɗagawa ba a duka goman. Sannan ƙarshen, wannan shi na fi so ku riƙe: na Malam yana ƙarewa da siriri kamar wutsiyar ɓera don biron yana tashi ne yana cikin gudu, nawa kuwa ya ƙare da dungu, na tsaya cak sannan na ɗaga. Mai sa hannun kansa ba ya tunani, hannun ya riga ya haddace. Mai kwaikwayo zane yake yi, kuma zane yana cin lokaci, lokacin nan kuma yana fitowa a jikin tawada.

Na firinta ya fi sauƙi. Juya takardar ka shafa bayan da yatsa, biro yana barin kwari a takarda, firinta ba ta bari. In maka, wato alƙalamin nan mai kaurin baki, aka yi amfani da ita a kan hoto mai sheƙi, karkata shi a rana, tawadar za ta yi nata ƙyallin daban da na hoton don a samansa take zaune. In sa hannun da fuskar mawaƙin duk ƙyalli ɗaya suke yi, tare aka wanke su. Kuma in ka zumo da kyamarar waya mai kyau sau da yawa za ka ga layin ƙananan ɗige-ɗige ne aka tara.

[Hoto: injin sa hannu yana aiki]

Sai inji. Wannan da kuke gani otofen ake ce masa, biro na gaske ake saƙala masa, tawada ta gaske, yana bin samfurin da aka ba shi ya yi ɗari ya yi dubu. Shafa bayan takarda ba zai taimake ka a nan ba. Abin da yake tona shi, nauyin hannun ɗaya ne daga farko har ƙarshe, babu inda ya danna babu inda ya sassauta, kuma yakan bar ɗigo a inda ya sauka da inda ya tashi. Kar ku ɗauka ƙananan 'yan damfara kaɗai ke wannan. A 2022 an sayar da kwafi 900 na wani littafin Bob Dylan, mawaƙin Amurka da ya ci kyautar Nobel a 2016, kowanne kusan dala 600, da takardar kamfanin ɗab'i cewa da hannunsa ya sa. Waɗanda suka saya suka fara ɗora hotunan nasu a intanet, suka jera, suka ga na wannan ya hau kan na wancan sak. Abin da muka yi a taga yanzu shi suka yi. Ƙarshe Dylan da kansa ya fito ya ba da haƙuri ya ce inji aka yi amfani da shi saboda jiri da yake fama da shi, kamfanin ya mayar wa mutane kuɗinsu. Ni abin ya taɓa ni, don waɗannan masoyansa ne na gaske, wasu tun suna samari suke jin sa.

To in ba daidai sak ake nema ba, me ake nema? Ɗabi'ar hannu. Koma kan goman Malam. Duk sun bambanta amma duk daga ƙasa yake fara harafin farko, duk suna kwanciya dama, harafi na biyu kullum rabin na farko ne a tsayi, kuma kullum a wuri ɗaya yake ɗaga biro. Kamar tafiyar mutum ce, ka hango yayanka daga nesa a hanyar gona ka gane shi ko da taku biyunsa ba su taɓa zama ɗaya ba. Don haka samfuri ɗaya daga Google ba ya isa, ana tara da yawa waɗanda aka tabbatar, kuma na shekarun da ake cewa an yi wannan ɗin, don hannun mutum yana canzawa in ya manyanta.

Sauran in gudu da su don hotunan da nake da su sun kusa ƙarewa.

Duba shekara. Bob Marley ya rasu a watan Mayun 1981, faifan sidi kuma sai 1982 ya shigo kasuwa, duk wanda ya nuna maka sidi da sa hannun Marley ba sai ka nemi taga ba. Mu dawo gida. Alhaji Mamman Shata, Allah ya jiƙansa, ya rasu a watan Yunin 1999. Takardar naira 100 sai ƙarshen shekarar ta fito, naira 200 a 2000, naira 500 a 2001, naira 1000 a 2005. In wani ya ce ga 'yar dubu da aka liƙa wa Shata ya sa mata hannu, kun san amsar.

Akwai kuma wanda tsoho ne da gaske, takardar ta zamanin ce, amma masu yi wa mawaƙin aiki ne suka sa. Mawaƙan ƙungiyar Beatles ta Ingila sun shahara da wannan, wasiƙun masoya sun yi musu yawa har masu kula musu da tafiye-tafiye da sakatarori suna sa hannu a madadinsu.

Satifiket kuma, wannan takardar mai zinare-zinare da ake haɗowa da ita, duk mai shagon kwamfuta zai iya buga ta. A 1999 hukumar FBI ta kai samame kan wani gungu a Amurka da suke ƙirƙirar sa hannun 'yan wasa da taurari, kuma kayansu da satifiket suke fita. Akwai kamfanonin tantancewa da aka sani kamar PSA da JSA da Beckett, su suna ba da lamba da za ka shiga shafinsu ka duba ko ta dace da kayan da ke hannunka, amma su ma sau da yawa ra'ayin ƙwararre suke bayarwa, ba kullum ne a gabansu aka sa ba. Ni a wurina tambayar mai kaya ta fi: a ina aka sa, bikin wa, wa ya karɓo, akwai hoton lokacin? Mai gaskiya labarinsa ba ya canzawa ko ka sake tambayarsa bayan sati.

Af, kafin in manta, dattawanmu masu riƙe da takardun cinikin gona, gwajin tagar nan yana muku aiki. In aka kawo takarda biyu sa hannun shaida ya hau kan juna sak, a tsaya a bincika kafin a yi rantsuwa.

[Hoto: taga, takardu biyu a hannu]

Yanzu na saurayin nan. Na ɗauko hoton sa hannun daga bidiyonsa, na ɗauko na Google ɗin da ya nuna, na je shagon kwamfuta aka daidaita min girmansu aka buga. Ga su. Ƙanena riƙe kyamarar da kyau kar ta girgiza. Na ɗora. Harafin farko ya hau, tsakiya ta hau, wutsiya ta hau, har ɗan ɗigon nan na sama yana wuri ɗaya, kamar takarda ɗaya nake riƙe da ita.

Na tura wa ɗan kawuna wannan jiya da daddare. Ya ce to kuɗin na nan, Juma'a zai ƙara akuya biyu a motar Wudil.