Filin jirgin da tumaki suka gāda

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, a saman tudu nake, yankin Wairarapa na ƙasar Niyu Zilan. Mai gonar nan ne ya ba ni izinin shigowa. To ku dubi bayana da kyau. Wannan doguwar shimfiɗar ciyawa da ta gangara, wadda tumaki ke kiwo a kai, filin jirgin sama ce. Babu kwalta, babu hasumiya, babu fitila ko ɗaya.

Gangaren nan da gangan aka zaɓe shi. Jirgi yakan sauka yana fuskantar hawa, tudun ya rage masa gudu. In an loda masa kaya sai ya juya ya sulalo ƙasa, gangaren ya ƙara masa ƙarfin tashi. Ku biyo ni sama in nuna muku abin da ake lodawa.

Ga shi, rumbun taki. Kankare ne, rufin kwanon ya rufta. A nan ake jibge takin sufa, mota mai ɗagawa ta ɗebo ta zuba wa jirgi ta baya, injinsa na kunne, ya tashi ya watsa a kan tuddai ya dawo. Haka za su wuni muddin iska ta kwanta. Dalili kuwa, ƙasar tuddan nan tana da ƙarancin sinadarin fosfet, kuma tarakta ba ta iya hawansu. Kafin jirgi, doki ne ke kai buhuna sama, mutum ya watsa da hannu. Sojojin saman ƙasar suka yi gwajin watsa taki da jirgi a 1948, a 1949 kamfanoni suka fara da tsofaffin jiragen Tiger Moth da suka rage daga yaƙin duniya na biyu. Daga 1954 aka shigo da jirgi samfurin Fletcher, wanda daga baya aka riƙa ƙera shi a birnin Hamilton na ƙasar nan. Kafin ka ce kwabo manoma sun fafe dubban irin wannan fili a jikin tuddai. Ciyawa ta yi kyau, tumaki suka yawaita har suka kai miliyan 70 a 1982.

Sai 1984. Gwamnatin David Lange ta hau, ministan kuɗinta Roger Douglas ya shiga janye tallafin noma, har da na taki. Manomin da bashi ya shaƙe, me zai fara yankewa? Taki mana, tunda ko ka daina zubawa bana, ciyawa ba za ta tona maka asiri ba sai nan gaba. Matuƙa jirage da yawa suka rasa aiki. Farashin ulu ya yi ta faɗuwa, yau tumakin ƙasar ba su kai miliyan 25 ba.

Amma abin da ya fi jan hankalina, filayen da suka tsira daga waccan guguwar ma suna mutuwa a hankali, ta hanyar da ba a lura. Jiragen yanzu, irin su Cresco, sun fi girma da nauyi, suna son fili mai tsawo da hanyar da babbar mota za ta kawo taki. Sannan rumbu mai yoyo haɗari ne na gaske. Taki in ya jiƙe yakan dunƙule, ya toshe bakin tankin jirgi. Doka ta ce dole jirgi ya iya zubar da kashi 80 cikin 100 na kayansa cikin daƙiƙa biyar in abu ya ɓaci. Matuƙi ya ga tudu a gabansa, ya ja hannun zubarwa, taki ya ƙi fita, ai kun san sauran. Shi ya sa kamfani ke ƙin zuwa filin da ba a kula da shi, kuma ban ga laifinsu ba. Dokar lafiyar ma'aikata ta 2015 ta ɗora wa mai gona nasa alhakin. Gyara kuɗi ne, sai ya ce a bar shi kawai.

To nan ne maƙwabta ke shiga uku, domin sau da yawa fili ɗaya gonaki da dama ke amfani da shi. In ya rufe, jirgi zai riƙa tasowa daga nesa, kowane sawu ya ƙara cin mai da lokaci, kuɗin kuma a kan manomi yake komawa. Akwai jirgi mai saukar ungulu, amma tsadarsa ta fi. Sai a rage takin, ciyawa ta ja baya, ƙayar nan mai furanni ruwan ɗorawa da Turawa suka kawo ta mamaye wuri.

Bari in juya kyamara. Kun ga wancan tudun da ya yi duhu? Itatuwan fayin ne, irin waɗanda ake dasawa don katako, a da gonar tumaki ce. Tun da aka kafa tsarin cinikin hayaƙin kabon a 2008, inda mai itatuwa ke samun kuɗi kan hayaƙin da suka zuƙe daga iska, dasa itace na kawo kuɗi, ana ta sayen gonakin tudu ana dasa su. Mai irin wannan daji ba ya buƙatar sufa duk shekara, balle ya haɗa kuɗin gyaran rumbu da maƙwabcinsa.

Hadari na tahowa, kuma hanyar gangarawa laka ce zalla, gara in kama hanya. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba.