Kifin tirawut a tsaunukan Yellowstone: wane wata ya fi ci?

Jama'a masu kallo, barkanmu da warhaka. Yau mun nufi yammacin Amurka, gandun dajin Yellowstone, inda masu fatsa ke bin kifin tirawut daga wannan ruwa zuwa wancan, gwargwadon watan da aka shiga.

Tirawut ɗan sanyi ne. Tarwadarmu ko a taɓo sai ta rayu, tunda tana shaƙar iska kai tsaye. Shi kuwa sai ruwa garau mai sanyi, wajen digiri 10 zuwa 16 a ma'aunin Salshiyas. Da zarar ruwa ya haura 20, iskar oksijin ta ragu a cikinsa, sai kifin ya galabaita. Duk abin da za mu faɗa nan gaba a kan wannan ya rataya.

A ƙarshen watan Mayu ake buɗe fatsa a yawancin ruwayen gandun. Sai dai kada ka yi gaggawar haɗa kaya. Lokacin ne dusar ƙanƙarar da ta taru a kan tsaunuka take narkewa, koguna su cika su batse, ruwa ya gurɓace da laka, kifi bai ma ga kotonka ba. Waɗanda suka san wurin sai su tafi kogin Firehole. Maɓuɓɓugan ruwan zafi ne ke kwarara cikinsa, shi ya sa yake riga sauran ɗumama. Wannan ɗumin kuma shi ke korar masunta daga can a watan Yuli, domin ya yi wa kifin yawa.

Tafkuna sun fi jinkiri. Babban tafkin Yellowstone yana kan tudun da ya kai mita 2,357, kuma ƙanƙara kan rufe shi har ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. Ƙananan da ke can ƙololuwa wasu sai Yuli. Da ta narke, kifin da ya sha yunwar hunturu yakan matso gaɓa neman abinci. A nan doka tana da tsauri. Tirawut ɗan asalin tafkin, mai jan zane a ƙarƙashin haɓa, in ka kama shi dole ka sake shi da rai. Baƙon tirawut ɗin da aka gano a 1994, wanda ke cinye 'yan ƙasa, shi kuma an hana mayar da shi ruwa da rai. Ba a yarda da tana ko wani koto mai rai ba, ƙugiya ma sai marar ƙaya.

Daga ƙarshen Yuni ruwa yake washewa, wani ƙaton ƙwaro mai tsawon santimita 5 ko fi ya fara fitowa daga kogin Madison. Kullum fitowar tana ƙara matsawa ta wajen mafarin kogin, masunta na biye da ita da ƙwaron bogi da suka ɗaura da zare da gashin tsuntsu.

Agusta watan fara ne: iska ta jefa ta ruwa, kifi ya cafke. Amma in an yi ƙarancin ƙanƙara a hunturun da ya wuce, koguna kan janye su yi zafi. A jihar Montana mai maƙwabtaka, idan ruwa ya kai kusan digiri 23 kwana uku a jere, hukuma kan hana fatsa daga ƙarfe 2 na rana zuwa tsakar dare, don kifin da aka kama aka sake shi a wannan hali sau da yawa ba ya kai labari.

Ni dai in za a bi ta tawa, Satumba da Oktoba sun fi. 'Yan yawon buɗe ido sun watse, ruwa ya huce, manyan tirawut masu ruwan ƙasa suna haurowa daga tafkin Hebgen na jihar Montana zuwa kogin Madison don zuba ƙwai. Ka dai tafi da rigar sanyi mai kauri, domin ƙanƙara na iya sauko maka kana tsakiyar kogi.