Gardamar Lefe a Ajin Turanci

Assalamu alaikum. Malamai abokan aiki, na ga fuskoki da yawa da muka sha ƙurar alli tare, don haka ba sai na tsaya doguwar gabatarwa ba.

Shekarun baya na riƙe wani ajin SS2, yara sun haura sittin. Kullum na shiga, tsit, kamar an yi ruwa an ɗauke. In na yi tambaya kowa ya sunkuyar da kai. Wata rana, saura minti goma a tashi, na rubuta a allo da Turanci cewa ya kamata a daina lefe. Wallahi sai ajin ya kaure. Wata yarinya da ban taɓa jin muryarta ba tun farkon zango ta miƙe, tana laluben kalmar da za ta faɗa wa samarin nan cewa akwati ba kuɗin sayen mace ba ne, mutunci ne. Turancin a karye yake, amma ta yi minti biyu cur tana magana. Aka kaɗa ƙararrawa, ba wanda ya ɗauki jaka.

Ba wani siddabaru na yi ba. Akwai wata malama a Kanada, Merrill Swain, da ta bibiyi yara masu jin Turanci waɗanda ake koya wa kusan komai da Faransanci. Shekara da shekaru suna saurare, suna fahimta sarai, amma in aka zo magana da rubutu sai nahawunsu ya yi ta tuntuɓe. A 1985 ta fito da bayaninta: saurare kaɗai ba ya isa, sai an matsa wa yaro ya furta, a nan ne yake gane abin da bai iya ba. To, me zai matsa wa ɗan shekara goma sha shida? Ba darasin "yadda na yi hutuna" ba ne. Abin da ke ci masa rai ne.

Kamfanonin da ke buga littattafan koyon Turanci a Ingila suna da jerin abubuwan da suke gudu, har sun yi masa laƙabi, PARSNIP, daga haruffan farko na sunayen abubuwan da Turanci: siyasa, giya, addini, jima'i, ƙwaya, aƙidu da naman alade. Ban ga laifinsu ba, littafi ɗaya suke son sayarwa daga Saudiyya har Brazil. Sai dai miyar da aka dafa don kada ta ƙona bakin kowa, ai lami za ta fito. Mu da muka san yaranmu, mu ne za mu sa gishiri.

Amma fa a ji ni da kyau. Akwai zafin da ke dafa tuwo, akwai wanda ke cinye gida. Aƙida, saɓanin Izala da Ɗariƙa, ƙabilanci, jam'iyya a lokacin zaɓe, ni ba na kai su aji. Duk mun san abin da ya faru a wata kwaleji a Sakkwato a watan Mayun 2022, inda aka kashe wata ɗaliba bisa zargin ɓatanci ga addini, kuma daga saƙon WhatsApp na 'yan aji ya faro. Har almajirci da auren wuri, sai ka san waɗanda ke zaune gabanka. Wataƙila yarinyar da ke layi na uku an riga an sa mata rana. Kai kana ganin maudu'i ne, ita kuwa rayuwarta ake tattaunawa.

Abin da ya rage ai yana da yawa. Waya a makarantar kwana. Bulala. Ko mace ta tuƙa adaidaita sahu. Cire tallafin mai da aka sanar ranar 29 ga Mayun 2023, wanda kowane yaro ya ji a kuɗin motarsa. In ka rasa, ka ce Arsenal ta fi Chelsea, ka ja baya. (Dariya)

Ga yadda nake yi. Minti biyar na farko nakan bar su su yi ta da Hausa, rukuni-rukuni. Na san wasunku za su ɓata rai, amma yaron da bai san abin da zai ce da harshen uwarsa ba, da Turanci ma bai sani ba. Sannan in rubuta musu jimloli huɗu ko biyar a allo: yadda ake cewa ban yarda ba cikin ladabi, yadda ake kawo hujja, yadda ake cewa kana da gaskiya a nan, amma. Daga nan sai in juya su. Mai son lefe ya kare soke shi, mai ƙinsa ya kare shi. Za su yi ƙorafi, ka ƙyale su. Wanda ke kare ra'ayin da ba nasa ba ba ya fushi, hankalinsa na kan kalmomi.

Kuma don Allah kada ka tare yaro a tsakiyar magana don ya ce "she go". Rubuta a takarda, in ƙura ta lafa ku gyara tare, ba tare da kiran suna ba. Naka ra'ayin kuwa, bar shi a aljihu. Da zarar sun gane inda Malam ya karkata, gardama ta mutu, kowa zai bi maki.

Malama, na ga hannunki. Firinsifal zai ce ana ɓata lokacin manhaja? Ki buɗe masa tsofaffin takardun WAEC. A ɓangaren insha'i ana yawan cewa ɗalibi ya ɗauka shi ne babban mai magana a muhawara, ya rubuta kalmomi 450. Ki ce masa atisayen wannan tambayar kike yi. Yarinyar nan mai lefe, da na ce su rubuta abin da suka faɗa, shafi biyu ta kawo mini washegari, har da hujjar da ta ce kakarta ce ta ba ta.

An ce mini an kira azahar. In mun dawo, kowane tebur ya zo da maudu'i ɗaya, mu gwada a kanmu tukuna.