Ruwan Lambu da Mashayar Shanu Idan Damina Ta Gaza

Hajiya: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Jos. Tun da muka rufe shirin makon jiya saƙonninku ba su yanke ba, kuma kusan duk a kan magana ɗaya suke, wato ruwan noman rani da ruwan da dabbobi za su sha idan damina ta gaza. Wani ɗan lambu daga wajen Barikin Ladi ya ce kududdufin da suke ban ruwa da shi ya ja baya tun kafin kabejinsu ya naɗe, wata baiwar Allah daga Mangu kuma ta tambaya ko akwai dokar da ta ba manomi haƙƙi a kan ruwan da ke gefen gonarsa. Ina tare da Malam da Auta. Malam, ina gajiya?

Malam: Ba gajiya, Hajiya, sannunku da ƙoƙari. Bari in fara da tambayar wannan baiwar Allah, domin tana da amsa. Dokar albarkatun ruwa ta tarayya ta 1993 ta yarda kowa ya ɗebi ruwan amfanin gida da na shayar da dabbobinsa kyauta daga duk ruwan da jama'a ke da hanyar zuwa gare shi, kuma wanda yake da haƙƙin mallakar fili a bakin rafi yana iya jan ruwa ya shayar da gonarsa ba tare da ya biya ba. Saboda haka ɗan lambu da makiyayi duka doka ta san da zamansu. Abin da dokar ba ta warware wa mutumin ƙauye ba shi ne ranar da ruwan ya yi kaɗan, wa zai fara ɗiba, wa zai jira, kuma wa zai tsaya ya raba.

Auta: Malam, mutane da yawa suna ganin kamar fari ba matsalar Filato ba ce, tun da an san mu da ruwan sama da sanyi.

Malam: To ai ɗana, daminar 2024 ta amsa musu. Ruwa ya ɗauke makonni a tsakiyar damina, daidai lokacin da masara ke neman fitar da goyo, har aka fita roƙon ruwa a masallatai da coci-coci. Gaskiya ne Jos tana samun ruwan sama kusan milimita 1,400 a shekara, wanda ya fi na Kano nesa ba kusa ba, kuma daga kan wannan tudun ne kogin Kaduna da Gongola da Dilimi suka faro. Amma a kan dutse muke zaune. Ruwan yana sauka da ƙarfi cikin watanni shida ko bakwai, ya gangara ya tafi wasu jihohi, kuma ƙarƙashin ƙasarmu ba ya riƙe ruwa da yawa, shi ya sa za ka ga an haƙa rijiyar burtsatse an kashe kuɗi, ta ba da ruwa kaɗan ko ta ƙafe da bazara. Idan ba mu tare ruwan a sama ba, babu inda za mu same shi a watan Maris.

Hajiya: Wannan ya kawo mu kan kududdufan kuza, waɗanda a ganina su ne rufin asirin noman rani a nan.

Malam: Su ne kuwa. Turawa sun fara haƙar kuza a wannan yanki tun farkon ƙarni na 20, suka tafi suka bar ramuka birjik daga Bukur zuwa Rayfield, Barikin Ladi har Bokkos. Ba don manomi aka haƙa su ba, kuma sun ci rayukan yara da dabbobi, amma ruwan sama ya cika su, talakawa kuma suka mai da su abin neman halali. Tumatir da karas da kabeji da latas da koren wake da ake lodi a kasuwar Farin Gada zuwa Abuja da kudu, da yawansu da wannan ruwan aka noma su, haka ma dankalin Turawa na rani. Abin da ke damuna shi ne, yawancin kududdufan nan ba su da mai kula da su. Ba a yashe su, ƙasa tana zaizayowa tana cike su kowace damina, kuma idan rani ya tsananta sai ka ga tankar masu buga bulo da ta masu gine-gine sun jeru a baki suna zuƙa, alhali mutumin da ya zuba jarinsa gaba ɗaya a kadada guda yana tsaye yana kallo, ba shi da takardar da zai nuna ya ce a rage masa.

Auta: Na ga irin wannan da idona a bayan Bukur. Wani dattijo da 'ya'yansa biyu suna sauko da injin ban ruwa ƙasa-ƙasa yayin da ruwan ke ja, kowane mako sai sun ƙara tiyo, sun ɗaure mahaɗin da robar tayar keke don kada ya yi yoyo. Daga baya injin ya fara jan laka yana shaƙewa, sai yaron ya shiga taɓo har gwiwa ya riƙe bakin tiyon da kwando a kansa don ya tace. Kuma duk tsawon da aka ƙara wa tiyo, fetur ɗin da injin ke sha ƙaruwa yake yi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin fetur ya zama babban abin da ke cin ribar ɗan lambu, har wasu sun rage faɗin abin da suke shukawa.

Malam: Allah ya yi maka albarka, ka taɓo inda yake ciwo. Kuma irin wannan dattijon nake tunawa duk lokacin da na ji ana cewa maganin fari shi ne a gina babbar madatsar ruwa. Ba na ƙin madatsa, amma mu tuna abin da ya faru a baya. Bayan babban farin da aka yi a farkon shekarun 1970, gwamnati ta kafa hukumomin raya kogunan ƙasa a 1976, mu nan Filato muna ƙarƙashin ta Binuwai ta Ƙasa mai hedikwata a Makurɗi. An gama madatsar Tiga a 1974, kuma duk wanda ya bi ta Kadawa da Kura ya ga albarkar da ta kawo, shinkafa da alkama da tumatir rani da damina. To amma a tambayi mutanen Haɗeja da Nguru. Da aka tare ruwan a sama, aka ƙara da madatsar Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamunsu kowace shekara ta ragu, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, manomi da masunci da makiyayi duk suka ji a jikinsu.

Hajiya: Madatsar Bakolori ma haka.

Malam: Bakolori ta fi ɗaci, Hajiya. An kammala ta a 1978 a kan kogin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, aka tashi ƙauyuka, aka karɓi gonaki, mutane suka yi ta jiran diyya. Da manoma suka tare hanyoyin aikin suna neman haƙƙinsu, a 1980 aka tura musu 'yan sanda, aka rasa rayuka masu yawa. Waɗanda ke ƙasan madatsar kuma, da suka gaji noman fadama kaka da kakanni, ruwan da ke malalowa gonakinsu ya ragu. Aikin da aka ce domin manomi aka yi shi, manomin bai zauna a inda aka tsara shi ba. Kwatanta wannan da shirin Fadama da aka fara a farkon shekarun 1990 da tallafin Bankin Duniya, inda aka taimaka wa ƙananan manoma da gajerun rijiyoyi da ƙananan injuna. Mutumin da ubansa ya yi ban ruwa da jigo, guga ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi yana shayar da ninkin wannan filin shi da iyalinsa, kuma ba a tashe shi daga gonarsa ba.

Auta: Malam, kada mu bar makiyaya a baya, domin rabin saƙonnin da muka samu daga rugage suka zo.

Malam: Ba za a bar su ba, domin ruwan ɗaya ne. Dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 ta tanadi a keɓe filayen kiwo, muna ma da irin wannan fili a Wase, amma fili ba ya riƙe garke idan babu mashaya a cikinsa. Saniya ba za ta iya jira a gama taro ba, dole ta sha yau. Idan rafi ya ƙafe, sauran ruwan da ya rage shi ne kududdufin da lambuna suka kewaye, burtalin da ke kaiwa can kuma an shuke shi. Yaro ya koro shanu, ɗaya ta kauce ta taka kwamin karas, magana ta tashi. Mu mutanen Filato mun san inda irin wannan ƙaramar magana take kaiwa, mun binne mutane da yawa, manoma da makiyaya. Ba na cewa ruwa ne kaɗai sanadin rikicinmu, amma yana daga cikin sanadin da za a iya gyarawa da bulo da siminti da bututu. A jawo ruwa daga kududdufin da injin sola zuwa kwamin shan dabbobi nesa da lambuna, a bar hanya a buɗe, ardo da mai unguwa da shugaban 'yan lambu su sa hannu a kan lokacin kowa.

Hajiya: Ni abin da zan ƙara shi ne maganar mata. A gidaje da yawa uwa ce ke da ɗan filin alayyafo da yakuwa da awaki uku ko huɗu, da su take biyan kuɗin makaranta, amma idan ana rabon injuna sunan maigida kaɗai ake rubutawa. Sannan a riƙa gwada ruwan kududdufan nan, tun da ramukan ma'adinai ne, a san wanda ya dace da kayan lambu da wanda bai dace ba. Auta, da mun shirya za mu karanta wa masu sauraro takardar koke da za su iya kai wa ƙaramar hukuma, ga shi kuma mai kula da na'ura yana yi mana alamar lokaci.

Malam: A ba ni minti ɗaya, Hajiya. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, wato NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, har da wuraren da ake sa ran ruwa zai ɗauke. Da zarar ya fito, ƙungiyar 'yan lambu da ta makiyaya su tafi tare wurin hakimi da shugaban ƙaramar hukuma, su nemi a rubuta cewa idan ruwan kududdufi ya sauka zuwa wata alama da aka kafa, tankokin kasuwanci za su dakata, a bar sauran ga shan mutane da dabbobi da amfanin da ke ƙasa. Su kuma nemi a yashe shi a ƙarshen bazara, kafin ruwan farko ya sauka.

Hajiya: Takardar sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, Auta zai karanta ta tun daga farkon shiri. Wanda ke da kududdufi ko rafi a yankinsa ya aiko mana da sunan wurin da yawan gidajen da suka dogara da shi. Mun gode Malam, mun gode Auta. A huta lafiya.