Wane Linux Za Ka Ɗora Idan 'Yanci Kake Nema?

Ka gama ɗora sabon Linux, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi, a kwamfutarka. Ta tashi lafiya lau, allo fes, sauti na fita. Sai ka leƙa kusurwar da alamar Wi-Fi take zama, wayam. Babu intanet. Riƙe wannan hoton a ranka, don yawancin rigimar zaɓen Linux a wannan 'yar kusurwa take.

Tukuna, wane 'yanci ake nufi? A Turanci kalma ɗaya ce, free, ke ɗauke da ma'anar kyauta da ta 'yanci, shi ya sa masu harkar kullum suke faman bayani. Mu Hausa ta raba mana gardama: ba maganar kuɗi ake ba. Richard Stallman, wanda ya fara GNU, aikin gina tsarin kwamfuta mai 'yanci, a 1983, ya kuma kafa FSF, gidauniyar kare 'yancin manhaja, a 1985, abu huɗu ya gindaya. Ka yi amfani da manhaja yadda ka ga dama, ka buɗe cikinta ka karanta ka gyara, ka kwafa wa wani, ka kuma raba wadda ka gyara.

Shi Linux ɗin da Linus Torvalds ya fara a 1991 zuciya ce kawai, wato ɓangaren da ke tsakanin kayan kwamfuta da sauran manhajoji. Abin da kake saukewa, wasu ne suka haɗa zuciyar da kayan GNU da sauran manhajoji suka ɗaure wuri guda. Wannan ɗauri shi 'yan harkar ke kira distiro, kuma akwai su ɗaruruwa.

To, mu koma kan Wi-Fi. Guntun da ke kamo intanet a cikin kwamfutarka, shi ma 'yar kwamfuta ce mai cin gashin kanta. Duk lokacin da ka kunna, sai an loda masa wata ƙaramar manhaja kafin ya farka. Kamfanoni irin su Intel da Broadcom suna bayar da ita a ƙulle, babu mai iya karanta abin da ke ciki sai su. Distiro irin su Ubuntu da Linux Mint suna haɗo maka ita ba tare da dogon zance ba. Fedora tana da tsauri a kan sauran manhajoji, amma a nan ta ɗaga ƙafa.

Akwai kuma waɗanda suka ce sam. Su ne FSF ta sa wa hannu: Trisquel, wanda aka gina a kan Ubuntu, da Parabola da ya fito daga distiron Arch, da PureOS, da Guix. Galibinsu suna amfani da Linux-libre, wato zuciyar da aka tsefe aka cire mata duk wani abu ƙullalle. Ko ka nemo fayil ɗin da kanka ka ajiye mata, ba za ta ɗauka ba. Dalilin wayam ɗin nan ke nan.

Labarin distiron Debian ya fi ba ni sha'awa. Tun 2011 suka tsame irin waɗannan fayiloli daga zuciyarsu, suka yi shekaru sama da goma sabbin masu ɗorawa suna cin karo da kwamfuta marar intanet. A 2022 masu aikin suka kaɗa ƙuri'a, kuma daga Debian 12 na 2023 fayilolin suna zuwa cikin faifan ɗorawa, sai dai a ma'ajiyarsu ta daban, da sunansu a fili. In ba ka so, ka rubuta firmware=never lokacin tashi. Wasu sun ce Debian ta ba da kai bori ya hau. Ni ina ganin gaskiya suka faɗa wa kansu.

Wani abu da masu tsauri ba su cika son a taɓo ba: ƙwaƙwalwar kwamfutarka, wato prosesa, ita ma tana da irin wannan ƙullalliyar manhaja tun daga masana'anta. Da aka bayyana Spectre, wani raunin tsaro a cikin prosesa, a 2018, wani ɓangare na maganin ta sabunta wannan manhaja ya zo. Wanda ya ƙi sabuntawar bai rabu da ƙullalliya ba, tsohuwar kawai ya riƙe.

Shawarata, kada ka fara da tambayar wane distiro ya fi tsarki. Fara da kwamfutar da ke gabanka. Zuba Trisquel a filasha, ka tashi daga kanta ba tare da ka taɓa komai a cikin na'urar ba. Gwada Wi-Fi, gwada Bluetooth, gwada bidiyo, rufe murfin ka buɗe ka ga ko za ta farka. Buɗe tagar umarni ka rubuta lspci, za ta nuna maka sunan guntunka, sai ka duba shi a h-node, rumbun da ke tattara kayan da ke aiki da manhaja mai 'yanci zalla.

In komai ya tashi, ka yi sa'a, ɗora abinka. In Wi-Fi ne kaɗai ya ƙi, 'yar na'urar USB mai guntun Atheros AR9271 tana aiki ba da wani ƙulli ba. In kuwa hoto ne ya ƙi, ko aikinka ba zai jure wannan jeka-ka-dawo ba, ɗora Debian, ka buɗe jerin abin da ta loda maka daga waccan ma'ajiya, ka rubuta sunayen a takarda. Ran da za ka canja kwamfuta, da wannan takardar za ka tafi.