Hawan jini ba ya sallama: lacca ga manoma

Assalamu alaikum. Iyayena da 'yan uwana manoma, sannunku da fitowa. Na baya, kuna ji na? To madalla.

Abubuwa uku zan faɗa. Amma tukuna, na sha jin ana cewa ciwon zuciya na masu zaman ofis ne, manomi gumi ya wanke shi. Aiki yana da amfani, ban musa ba. Sai dai na sha gwada jinin mutumin da ya dawo daga huɗa, jiki kamar ƙarfe, awon ya haura 140 bisa 90, wato inda hawan jini ke farawa, nesa ba kusa ba, shi kuwa ko ciwon kai ba ya ji.

Na farko, gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya. A yini fa, ba a miya ɗaya ba! Ku leƙa tukunyarmu: ga gishiri, ga dunƙule huɗu, ga kanwa, a kawo tuwo kuma a barbaɗa yaji mai gishiri. Dunƙulen nan ai gishiri ne ya yi ado. Gishiri yana riƙe ruwa a jiki, jini ya yi yawa, zuciya ta yi ta turawa. Masu noman rani, kun san kukan injin ban ruwa idan aiki ya fi ƙarfinsa. Iyayenmu mata, da ku nake: tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura zuciyar masu jego da yawa tana gazawa, suka danganta shi da kunun kanwa da zafin wankan jego. A rage. A koma wa daddawa, miya ba za ta yi lami ba.

Na uku... a'a, na biyu ne ko? Taba. Ku bar ta. Da tiramol ɗin da samari ke sha don su yi noman mutum biyu, da ƙwayoyin ciwon jiki da ake saye kullum a kemis, wasunsu suna ɗaga jini.

Na'am, Baba? Baba yana tambaya, wai in an fara shan maganin hawan jini ba a dainawa? Wannan shi ne na ukun. Yawanci haka ne, Baba. Maganin danne shi yake yi, ba ya tumɓuke shi. Ranar da ka ji garau ka ajiye, jinin zai sake hawa a ɓoye, daga nan ake samun shanyewar ɓarin jiki. Ka tsaya bayan an tashi, abin awon yana jakata, da kai zan fara.