Mahabalipuram: Garin da Masassaƙan Dutse Suka Bar Aikinsu Ba Su Gama Ba

Masu kallonmu, barkanmu da sake saduwa. A yau za mu nufi kudancin ƙasar Indiya, zuwa jihar Tamil Nadu, inda wani ƙaramin gari yake zaune a gaɓar tekun Bengal, kimanin kilomita 60 kudu da birnin Chennai. Sunansa Mahabalipuram, ana kuma kiransa Mamallapuram. Mutanenmu da suke zuwa Chennai neman magani ko karatu, tafiyar da ba ta wuce awa biyu a mota ba ce tsakaninsu da wannan gari, a kan titin da ke bin bakin teku. Tun shekarar 1984 hukumar UNESCO ta sanya gine-ginensa cikin wuraren tarihi na duniya, kuma abin da ya jawo masa wannan matsayi shi ne haikalai da siffofin da mabiya addinin Hindu suka sassaƙa a jikin duwatsu fiye da shekara 1,300 da suka wuce.

Sarakunan da suka sa aka yi wannan aiki su ne na daular Pallava, waɗanda fadarsu take Kanchipuram, can cikin tudu, wannan gari kuwa shi ne tashar jiragen ruwansu. Daga gaɓar nan fatake suke ketara teku zuwa Sri Lanka da ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, har ma irin rubutun Pallava ya bi su ya zama tushen rubutun wasu al'ummomin can. Sarkin da garin ya ci sunansa shi ne Narasimhavarman na ɗaya, wanda ya yi mulki daga wajen shekarar 630 zuwa 668, mayaƙi ne da ya ci birnin Vatapi na abokan gabarsa 'yan Chalukya a shekarar 642. Kirarinsa Mamalla, wato gagarumin ɗan kokawa, saboda haka Mamallapuram na nufin birnin ɗan kokawa.

Kafin zamanin waɗannan sarakuna, da tubali da katako ake gina wuraren bauta a wannan yanki, shi ya sa kusan dukkansu suka ruɓe suka ɓace. Mahaifin Mamalla, sarki Mahendravarman na ɗaya, ya bar rubutu a wani kogo da ke Mandagapattu yana alfahari da cewa ya yi ɗakin bauta ba tare da tubali ko katako ko ƙarfe ko kwaɓin gini ba. Abin da yake nufi shi ne ya sa an huda dutse an mayar da shi ɗaki. Dutsen wannan yanki kuwa giranayit ne, dangin duwatsun Kufena na Zariya, kuma duk wanda ya taɓa ganin masu fasa irinsa da guduma ya san cewa ba ya jin lallashi. Idan kuka dubi gefen manyan duwatsun garin da kyau, za ku ga jerin ƙananan ramuka a layi ɗaya kamar an yi musu awo. Masana suna bayanin cewa a cikinsu ake cusa turakun itace a jiƙa su da ruwa, itacen ya kumbura, dutsen ya tsage a kan layin da ake so. Akwai duwatsun da aka yi wa ramukan amma ba a kai ga tsaga su ba, suna nan har yau kamar ma'aikatan sun tafi cin abinci ne za su dawo.

A ganina, wannan rashin kammalawa shi ne babban abin da ya kamata mai ziyara ya zo kallo, domin a nan mutum yana iya bin sawun masassaƙan mataki bayan mataki, ya ga yadda hannunsu ya nuna cikin ƙarni ɗaya kacal.

Matakin farko shi ne kogunan da aka huda a jikin tsaunin da ke tsakiyar gari, masu ginshiƙai a bakinsu, wasu ginshiƙan ma an ɗora su a kan siffar zaki yana zaune. A kogon Mahishasuramardini akwai bango biyu masu fuskantar juna. A ɗaya, abar bautarsu Durga tana kan zaki ta ja baka, tana fafatawa da wani dodo mai kan ɓauna wanda ya fara ja da baya, rundunarsa tana watsewa. A ɗayan kuma abin bautarsu Vishnu ne yake kwance yana barci a kan wani ƙaton maciji, babu motsi ko kaɗan. Amma hoton da na tabbata zai fi tsayar da Bahaushe yana cikin kogon Krishna, wani abin bautarsu, inda aka nuna shi ya ɗaga tsauni da hannu ɗaya domin ya kare makiyaya da dabbobinsu daga ruwan sama mai ƙarfi. A ƙarƙashin tsaunin, wani makiyayi ya durƙusa yana tatsar saniya, ita kuma ta juyo da wuyanta tana lasar ɗan maraƙinta. Wanda ya sassaƙa wannan ya zauna da shanu, domin ya san cewa saniya ba ta sakin nono da kyau sai ɗanta yana kusa da ita, kamar dai yadda ake yi a kowace ruga.

Daga nan sai mu gangara kudancin gari, wajen gine-gine biyar da ake kira Pancha Ratha, wato karusai biyar, saboda kamanninsu da manyan karusan da ake jan gumaka a kansu ranar biki. A nan masassaƙan sun wuce huda dutse, sun ɗauki dutse sukutum sun sassaƙe shi ta waje har ya zama gini mai tsayuwa da kansa, ba tare da an ɗora wani dutse a kan wani ba. Hanyar aikin ita ce daga sama zuwa ƙasa: ana fara fitar da ƙololuwar rufi, sannan a sauko ga bene, sannan bango, a ƙarshe a zo ga gindi. Ku lura da abin da kyamararmu take nunawa, saman ginin ya sha ado har da ƙananan tagogi da fuskoki, amma gindinsa yana nan da kaushinsa, da sawun ƙarfen sassaƙa ɓaro-ɓaro. Irin wannan aiki ba ya karɓar gyara, domin abin da aka sare ya saru, kuma kuskure ɗaya a sama yana iya lalata wahalar shekaru.

An sanya wa karusan sunayen jaruman tsohon labarin Mahabharata, wato Dharmaraja da Bhima da Arjuna da tagwaye Nakula da Sahadeva, da matarsu Draupadi, ko da yake daga baya ne mutane suka laƙaba musu sunayen, ba su da alaƙa da abin da aka nufa da gine-ginen. Kowanne da fasalinsa. Na Draupadi, wanda ya fi ƙanƙanta, an yi shi kamar bukkar ƙauye mai jinka, har ana ganin yadda rufin ya lanƙwaso kamar na ciyawa. Na Bhima dogo ne mai rufi kamar an kifa kwalekwale. Na tagwayen bayansa a zagaye yake kamar bayan giwa, kuma domin kada a rasa gane hakan, sai aka sassaƙa giwa sukutum a tsaye kusa da shi. Na Dharmaraja shi ne mafi girma, benaye ne da suke ƙanƙancewa yayin da suke hawa, kuma wannan fasali ne ya zama uban hasumiyoyin haikalan kudancin Indiya da aka gina a ƙarnonin baya. Ba a taɓa kammala su ba, ba a kuma taɓa yin bauta a cikinsu ba.

Yanzu mu koma tsakiyar gari, gaban abin da ya fi kowanne suna. Fuskar dutse ce mai tsawon kimanin mita 29 da tsayin kimanin mita 13, an cika ta da siffofi sama da ɗari, na mutane da dabbobi da halittun sama, kusan dukkansu sun fuskanci wata tsaga da Allah Ya halitta a tsakiyar dutsen. Masassaƙan ba su ɗauki tsagar a matsayin aibi ba, sai suka mayar da ita kogi, suka sassaƙa macizai masu kan mutum suna iyo a cikinta. A saman dutsen an samu alamun wurin tara ruwa, abin da ya sa ake ganin cewa ranar biki ana sakin ruwan ya kwararo ta tsagar a gaban jama'a.

Labarai biyu ake danganta wannan aiki da su, kuma har yau masana ba su daidaita ba. Can sama a gefen tsagar akwai wani mutum da ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, yana tsaye da ƙafa ɗaya, ya ɗaga hannuwansa sama, abin bautarsu Shiva kuma yana tsaye kusa da shi. Wasu sun ce Arjuna ne yake azabtar da kansa domin a ba shi makamin da zai ci yaƙi. Wasu sun ce sarki Bhagiratha ne, wanda a labarinsu ya roƙi a sauko da kogin Ganga daga sama domin ya wanke tokar kakanninsa, Shiva kuma ya tare ruwan da gashin kansa don kada ƙarfinsa ya farfasa ƙasa. Tsagar da ruwan da ke bin ta sun fi goyon bayan labari na biyu, ko da yake mawaƙan fadojin Indiya na wancan zamani sun shahara da son magana mai harshen damo, saboda haka ba abin mamaki ba ne idan duka biyun aka nufa.

Ku sauko da idanunku ƙasa ta dama, inda giwaye suke tafiya zuwa ruwa, girmansu ya kusa na giwar gaske, 'ya'yansu suna fakewa tsakanin ƙafafun iyaye. Dab da hauren babbar giwar, akwai wata kyanwa a tsaye da ƙafafun baya, ta ɗaga na gaba sama, tana kwaikwayon mai ibadar da ke can sama, ɓeraye kuma sun kewaye ta sun saki jiki. Tuban muzuru ke nan, an sassaƙa shi a dutse tun ƙarni na 7, a kan bango ɗaya da abin bautarsu. A gefe kaɗan kuma akwai iyalin birai da aka fitar daga wani dutse daban, ɗaya yana cire wa ɗaya ƙwarƙwata, uwar tana shayar da ɗanta.

Ba nisa da nan akwai wani mulmulallen dutse mai tsayin kimanin mita 6, wanda ake ƙiyasta nauyinsa ya kai tan 250, yana zaune a kan gangaren falalen dutse kamar yanzu zai mirgino. Suna kiransa curin man shanun Krishna. Babu hannun masassaƙi a jikinsa, kuma yawancin masu zuwa hoto kawai suke ɗauka kamar suna tare shi, awaki kuma suna kwanciya a inuwarsa.

Mataki na ƙarshe yana bakin ruwa. Haikalin Gaɓa an gina shi ne a zamanin Narasimhavarman na biyu, wanda ake kira Rajasimha, a farkon ƙarni na 8, kuma a nan an bar sassaƙa dutse a inda yake, an koma yanka shi gunduwa-gunduwa ana ɗaukowa ana jerawa. Wannan sauyi ne ya ba magina damar kafa haikali a duk inda sarki ya so, ko da babu tsauni a wurin. Ɗakunan bauta uku ne a haɗe: biyu na Shiva, babban yana kallon gabas domin hasken fitowar rana ya shiga cikinsa, ƙaramin yana kallon yamma, a tsakaninsu kuma akwai na Vishnu a kwance, wanda aka sassaƙa a jikin dutsen da ke wurin tun asali. A kan katangar da ta kewaye shi an jera siffofin bijimin Nandi, abin hawan Shiva, amma iskar teku mai gishiri ta shafe ƙarni 13 tana lasar su, har fuskokin da yawa sun zama sumul kamar sabulun da aka daɗe ana wanka da shi. Hukumar kula da kayan tarihi ta Indiya ta jibge manyan duwatsu a bakin ruwan, an kuma dasa itatuwa domin rage wa ginin dukan igiya da iska.

Matuƙan jiragen Turawa na dā suna kiran wannan wuri Haikalai Bakwai, mutanen gari kuma sun daɗe suna cewa shida teku ta cinye su, wannan ɗaya ne ya rage. A ranar 26 ga Disamba, 2004, kafin igiyar tsunami ta afka wa gaɓar, ruwan ya ja da baya da nisa, masunta suka ba da labarin sun hango jerin duwatsu a inda teku take rufewa. Da ruwan ya koma, ya kwashe rairayi ya tono wasu sassaƙe-sassaƙe da suka daɗe a binne, ciki har da siffar zaki. Binciken da aka yi a ƙarƙashin ruwa ya nuna akwai ragowar gine-gine a can, sai dai bai tabbatar da cewa haikalai shida ne ba.

Mai niyyar zuwa ya zaɓi tsakanin Disamba da Fabrairu, domin daga Oktoba zuwa farkon Disamba damina ce a wannan gaɓa, daga Afrilu zuwa Yuni kuwa falalen dutse yana ɗaukar zafin da ba a iya taka shi. A lokacin sanyin ne kuma ake yin bikin raye-rayen gargajiya na shekara-shekara a garin. Yawancin gine-ginen da muka nuna wuraren tarihi ne a yanzu, amma haikalin Sthalasayana Perumal da ke tsakiyar gari har yau ana bauta a cikinsa, kuma ba a shiga da takalmi. Garin ya taɓa karɓar manyan baƙi, domin a nan firaministan Indiya Narendra Modi ya gana da shugaban Sin Xi Jinping a watan Oktoban 2019, a nan kuma aka yi gasar dara ta duniya ta Chess Olympiad a 2022.

A kan hanyar da ke zuwa karusai biyar, tun da sassafe za ku ji ƙarar guduma da injin yankan dutse daga rumfunan da ke gefen titi. Masassaƙa ne, wasunsu sun gaji sana'ar, wasu sun koyo ta a kwalejin gwamnati ta gine-gine da sassaƙa da ke garin, suna zaune cikin farar ƙura suna fitar da gumakan da za a kai haikalai a sassan Indiya da ƙasashen waje, da ƙananan giwaye na tsaraba ga baƙi. A wajensu, idanun gunki su ne abin da ake sassaƙawa a ƙarshe, sai an kai shi inda za a kafa shi ake buɗe su da wani biki na musamman.